Harin Hamada da Iyakar da Turawa Suka Shata

Duk wanda ya san Kakuri a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, ya san Buzu mai gadi. Yakan zauna a bakin ƙofar kamfani ko ta gidan wani babban ma'aikaci, fuska a naɗe cikin rawani, takobi a gefe, 'yar butar shayi bisa garwashi. Da yawa daga cikinsu farin 1973 da 1974 ne ya koro su daga Azbin bayan dabbobinsu sun ƙare. Abin lura shi ne, wannan mutum da aka damƙa wa amanar ƙofa jika ne ga waɗanda rahotannin Turawan mulkin mallaka suka yi ta kira 'yan fashin hamada. Har yanzu akan ji ɗalibi yana maimaita cewa Turawa ne suka kawo zaman lafiya a hanyoyin Sahara. Wannan magana tana bukatar a sake auna ta.

Babu mai musun cewa an yi hare-hare kafin zuwan Turawa. Larabawan Aulad Sulaiman da suka zauna a Kanem sun sha kwashe raƙuman ayarin gishiri na Bilma, har Azbinawa suka yi gangami suka murƙushe su a 1850. Tubawa ma ba su bar ayari ya huta ba. Amma duk da haka, ayari ya yi ɗaruruwan shekaru yana tashi daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamas da Gat da Agadas da Damagaram, ya sauka a Kano. Larabawan Gadamas har unguwa suka yi a birnin, watau Dandalin Turawa, domin a wancan lokaci Balarabe ake ce wa Bature. Ɗan kasuwa ba ya zuba dukiyarsa a hanyar da ya tabbata za a kwashe ta. Abin da ya riƙe hanyar shi ne amana da kuma riba. Fatake suna hayar raƙuman Azbinawa, suna biyan kuɗin rakiya ga ƙabilar da ke da rijiyoyin da za a ratsa, a Agadas kuma akwai Sarkin Turawa mai kula da sha'anin baƙin 'yan kasuwa. Su kansu Azbinawa sai sun gangaro ƙasar Hausa da gishiri da dabino kafin su sami gero da tufafi. Wanda cikinsa ya dogara ga kasuwar Kano ba zai so hanyar Kano ta mutu ba.

Sai Ingila da Faransa suka zo da alƙalami da taswira. A 1890 suka ja layi daga Sayi zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi, alhali babu ɗayansu da ke mulkin ƙasar da suke rabawa. A 1898 suka sake shiri, suka zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato. Nan Faransawa suka gano cewa rabon da suka samu ba shi da isassun rijiyoyin da za su kai soja daga Kwara zuwa Damagaram, suka yi ta ƙorafi har aka gyara layin a 1904 da 1906. Watau ƙishirwar sojan Faransa aka duba wajen gyaran. Ba a tambayi makiyayin da ke shayar da raƙumansa a waɗannan rijiyoyi ba, balle Bakatsinen Maraɗi da aka raba da ɗan'uwansa na Katsina.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne yaƙin Kausan. Bayan Faransawa sun kafu a Agadas da Bilma, sun ɗora haraji, sun kuma riƙa ƙwace raƙuma don jigilar kayan soja. Sa'an nan ga yunwar 1913 da 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta ragargaza dabbobi da mutane. A watan Disamba na 1916 Kausan, wani jagoran Azbinawa mabiyin ɗarikar Sanusiyya, ya zo daga Fezzan da bindigogi, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama. Hankalin Ingilishi ya tashi ƙwarai, domin Yaƙin Duniya na Ɗaya na ci, sojojinsu da yawa suna bakin dāga a Gabashin Afirka, kuma suna tsoron kada wutar ta tsallako Kano da Sakkwato. Nan take iyakar da aka yi shekaru ana jayayya a kanta ta zama kamar babu. Sojojin Faransa da aka ɗebo daga Dakar suka sauka a Ikko, aka ɗora su a jirgin ƙasa, suka bi wannan layin dogo da ya ratsa Kakuri ya haye kogin Kaduna, har Kano, daga nan suka taka zuwa Damagaram. Sojojin Ingilishi kuma suka shiga Tasawa da Madawa don su tsare wa Faransa baya. Ranar 3 ga Maris, 1917 aka karya ƙawanyar Agadas.

Abin da ya biyo baya shi ne ake kira zaman lafiya. An karkashe malamai da dama a Agadas, an kwashe raƙuma, an kori mutane daga duwatsun Azbin, da yawa suka kwararo ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato. An kashe Kausan a Murzuk a 1919, Tagama kuma ya mutu a kurkukun Faransawa a 1920. Ga shi kuwa tun 1911 dogo ya isa Kano, kayan da a da ake ɗora wa raƙumi suka koma bin teku. Hari ya ragu, gaskiya ne. To amma me ya rage a hanyar da za a kai wa hari?

A Ƙasar Larabawa ma Ingilishi sun gamu da irin wannan matsala bayan sun shata iyakar Iraƙi da Najadu a 1922. Jiragen sama da ƙananan barikoki ba su hana harin Ikhwan ba. Sai da wani hafsa, Glubb, ya ɗebi 'ya'yan makiyayan da kansu ya ba su albashi da makami, musamman a rundunar da ya kafa a hamadar Jodan a farkon shekarun 1930, sa'an nan hare-haren ƙabilu suka lafa. Ba don ƙaunar Larabawa ya yi ba, amma dai ya gane cewa mai wuri shi ya san sawun ɓarawo.

Wannan darasi bai shiga kunnen magadan Turawa ba. An rufe iyakar Nijeriya da Nijar a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Wanda ya ji jiki shi ne mai kai albasa da dabbobi kasuwannin Jibiya da Illela da Maigatari. 'Yan bindigar Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato kuwa ba su taɓa bukatar hatimin kwastan ba, makaman da suka bazu bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ta daji suke bi. Iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 ba ta tsaruwa da shinge a bakin kwalta. Masu iya tsaron ta su ne hakimai da dagatai da fatake da makiyayan ɓangarorin biyu, waɗanda harshensu ɗaya, auratayya ta haɗa su, kuma kowane rufe iyaka su yake fara talautawa. Masu masaƙun Kakuri, tun kafin masaƙun su durƙushe, sun san wanda ya kamata a ba mabuɗin ƙofa, gwamnatocin Abuja da Yamai ne har yau ke yi masa kallon abin zargi.