Ba Hunturu Ke Kashe Doki Ba

Wannan makon barga zan kai ku.

Da zarar hunturu ya kankama a watan Disamba, sai tausayi ya kama masu dawaki. A kulle doki a ɗaki, a toshe taga da buhu, a lulluɓe shi da bargo, wani ma har wuta yake hura masa. Haka kawuna ya yi wa wani akawalinsa da yake ji da shi. Kwana goma dokin nan bai ga rana ba. Ranar da aka fito da shi, sai tari yake yi, yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima. Bai kai asuba ba. Kowa ya ce sanyi ne. Ni kuwa har gobe ina ganin tausayin ne ya kashe shi.

Ra'ayina shi ne, sanyin ƙasarmu bai isa ya cuci lafiyayyen doki mai ƙoshi ba. A Kano, daren Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 12 ne. A yankin Yakutiya na ƙasar Rasha kuwa, dawaki a fili suke kwana cikin sanyin da ke wuce digiri 40 ƙasa da sifili, suna tone ƙanƙara da kofato su ci ciyawa. Na yarda namu ba su da kaurin gashin waɗancan, amma halittar ɗaya ce: murhun doki a cikinsa yake. Harawar da ya ci, yayin da take narkewa a babban hanji, ɗumi take ba jiki. Ƙarin damin harawa da dare ya fi masa bargo.

Abin tsoro na gaske shi ne ƙishirwa da zaman turke. Doki yana buƙatar ruwa kamar lita 25 zuwa 40 a rana. Idan ruwan ya kwana ya yi sanyi ƙarara, sai ya rage sha, alhali duk abincinsa na rani busasshe ne: harawa, dusa, dawa. Ga shi ba ya motsi, hanji ya yi sanyin aiki, abinci ya cushe. Doki kuma ba ya iya amai, shi ya sa ƙullewar ciki ke kayar da shi cikin dare ɗaya. Ƙara da ƙurar harawa, da warin fitsari, da hayaƙi a ɗakin da iska ba ta shiga, ka ga inda tarin ya fito.

Wani zai ce, to a bar su a jaura ke nan? A'a. Tsohon doki, da ramamme, da marar lafiya, da ɗan duƙushi, waɗannan a rufa musu abu da dare, a cire da hantsi. Sauran kuwa zana ta ishe su, a kafa ta ta gefen arewa maso gabas inda iskar ke busowa. Wani kuma zai ce cikin gari ba fili. Gaskiya ne, amma ragama ba ta da tsada. A ja shi a zaga da shi kullum idan rana ta ɗaga. A sirka masa ruwa da safe, a ajiye masa gishiri ko kanwa ya lasa, a yayyafa wa harawa ruwa ƙura ta kwanta. Bayan kilisa kada a ɗaure shi da gumi a jiki, kuma a bar wankan yamma sai zafi ya dawo.

Muna son doki ranar hawan salla, cikin ado, ana kiɗa ana guɗa. Amma son gaskiya da asubar hunturu ake gane shi, sa'ad da ba mai kallo sai kai da bokitin ruwa.

Waɗanda suka tashi a gidan dawaki, yaya ake yi a wajenku?