Fasisanci da aƙidar sababbin ƴan mazan jiya na Amurka: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Tun daga shekarar 2003, lokacin da sojojin Amurka suka kutsa ƙasar Iraƙi, wata tsohuwar kalma ta sake dawowa a bakin masu zanga-zanga da marubutan jaridu na Turai da na Amurka, wato kalmar "fasist". Waɗanda aka fi jifa da ita su ne wasu masana da mashawartan gwamnatin shugaba George Bush ƙarami, waɗanda ake kira sababbin ƴan mazan jiya, ko kuma "neokon" a taƙaice. Ɓangaren gwamnatin ma bai bar kalmar ta wuce shi ba, domin a watan Agusta na 2006 shugaba Bush da kansa ya laƙaba ta ga ƴan ta'adda masu fakewa da sunan Musulunci. Idan suna ya zama dutsen jifa a hannun kowa, ma'anarsa takan ɓace. Saboda haka ya kamata a koma ga tarihi a duba abin da kowane ɓangare ya faɗa da abin da ya aikata, domin Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Fasisanci an haife shi a ƙasar Italiya. A watan Maris na 1919, a birnin Milan, Benito Musolini ya tara tsofaffin sojoji da samari masu jin haushin yadda yaƙin duniya na farko ya ƙare, ya kafa ƙungiya. Sunanta ya fito daga kalmar da ke nufin damin sanduna da aka ɗaure tare da gatari, alamar iko a daular Rum ta dā. Ma'anar ta yi kusa da ta tsintsiya mai maɗauri ɗaya, sai dai a nan maɗaurin mutum guda ne, kuma duk tsinken da ya ƙi ɗauruwa karya shi ake yi. Dakarun ƙungiyar, masu baƙaƙen riguna, sun yi ta ƙona ofisoshin ƙungiyoyin ma'aikata suna dukan abokan hamayya, har a watan Oktoba na 1922 sarkin Italiya ya miƙa wa Musolini ragamar gwamnati. Kafin ƙarshen 1926 an haramta dukan sauran jam'iyyu, an rufe bakin jaridu. A Jamus, Hitler ya bi wannan hanya cikin gaggawa: ya hau mulki a watan Janairu na 1933, zuwa watan Yuli na wannan shekara jam'iyyarsa kaɗai doka ta sani. Abin da ya bambanta wannan tsari da mulkin kama-karya na yau da kullum shi ne, ba ya ɓoye ƙiyayyarsa ga dimokuraɗiyya. Yana koyar da cewa majalisa wurin surutu ce, shugaba ba ya kuskure, yaƙi kuwa makaranta ce da ke gyara al'umma. A kan wannan aka ɗora fifikon jinsi, wanda ya kai ga kisan Yahudawa kimanin miliyan 6.

Sababbin ƴan mazan jiya kuwa ba su taɓa zama jam'iyya ba, ba su da dakaru, ba su da riga ko tuta. Gungun marubuta ne da malaman jami'a, da yawansu ƴaƴan Yahudawa baƙin haure mazauna birnin Nuyok. Irving Kristol, wanda ake ɗauka uban tafiyar, ya yi ƙuruciyarsa cikin mabiya Trotski a shekarun 1930, sa'an nan ya juya wa gurguzu baya. A 1965 shi da Daniel Bell suka kafa mujallar The Public Interest, inda suka riƙa sukar shirye-shiryen gwamnati na tallafa wa talakawa, suna cewa sau da yawa sakamakonsu yakan saɓa wa niyyar masu su. Sunan "neokon" ma abokan hamayya ne suka yaɗa shi a farkon shekarun 1970, da nufin gori, wato ga ƴan sauyi na jiya sun zama ƴan mazan jiya na yau. Akwai masu kafa hujja da cewa shi ma Musolini ɗan gurguzu ne kafin a kore shi daga jam'iyyar a 1914. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin sauya sheƙa ba ya nuna inda tsuntsu zai sauka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, waɗannan mutane sun gina tunaninsu ne a kan tsoron fasisanci. Paul Wolfowitz, mataimakin ministan tsaron Amurka daga 2001 zuwa 2005, dangin mahaifinsa da suka rage a Polan sun halaka a hannun ƴan Nazi. Darasin da suka riƙe shi ne na taron Munik na 1938, inda Ingila da Faransa suka sallama wa Hitler wani yanki na Cekoslobakiya don neman zaman lafiya, amma yaƙi ya ɓarke bayan shekara guda. Daga nan suka yanke cewa lallashin azzalumi ganganci ne, gara a tare shi tun yana ƙarami. Illar wannan darasi ita ce, wanda ya haddace shi yakan ga Hitler a fuskar kowane abokin gaba, ya ga Munik a kowane teburin shawara.

A cikin gida, tazarar da ke tsakanin tsarin biyu mai faɗi ce. Ba a rufe majalisar Amurka ba, ba a haramta jam'iyya ba, jaridu kuma sun ci gaba da fita. A watan Nuwamba na 2006 masu zaɓe suka ƙwace majalisun dokoki biyu daga hannun jam'iyyar Bush, washegari aka ba da sanarwar saukar ministan tsaro Donald Rumsfeld, kuma a 2008 aka zaɓi Barack Obama, wanda ya soki yaƙin tun kafin a fara shi. Musolini kuwa sai da sojojin ƙawance suka sauka a tsibirin Sisili a 1943 kafin a iya tuɓe shi. Wannan ba ya wanke abin da aka yi a kurkukun Gwantanamo, inda tun watan Janairu na 2002 aka riƙa tsare mutane ba shari'a, ko azabar kurkukun Abu Garaib da hotunanta suka fito a 2004. Amma kotun ƙolin Amurka ta saɓa wa gwamnati a kan Gwantanamo a 2006, ta kuma maimaita a 2008, abin da babu alƙalin da ya isa ya yi a Rum ta Musolini.

Kamar tana fitowa ne idan aka tsallake iyaka, kuma mutanen Afirka sun fi kowa saninta. A ranar 3 ga Oktoba 1935 Italiya ta afka wa Habasha, ƙasa mai ƴancin kanta kuma memba a tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashen Duniya da ke Janeba, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Dalilin da aka kafa shi ne wata arangama a rijiyoyin Walwal a watan Disamba na 1934, sa'an nan aka ƙara da cewa za a kai wa Habashawa wayewa, a ƴanta bayinsu. Aka yi musu ruwan iskar guba. Ƙungiyar ta Janeba ta sa takunkumi, amma ta bar man fetur a waje, kuma bayan faɗuwar Adis Ababa a watan Mayu na 1936 ta janye shi, duk da ƙarar da sarki Haile Selasi ya je ya kai gabanta da bakinsa.

Bayan shekara 67, aka sake ganin wata babbar ƙasa ta yanke wa kanta hukunci. Tun a 1997 William Kristol, ɗan Irving, da Robert Kagan suka kafa wata cibiya mai suna Shirin Sabon Ƙarni na Amurka, kuma a watan Janairu na 1998 cibiyar ta aika wa shugaba Clinton takarda tana neman a kawar da Saddam Husaini. Cikin masu sa hannu akwai Rumsfeld da Wolfowitz da Richard Perle da John Bolton. Ke nan niyyar ta riga harin 11 ga Satumba 2001 da fiye da shekara uku; harin ƙofa kawai ya buɗe. A watan Satumba na 2002 gwamnatin Bush ta bayyana a rubuce cewa tana da ikon kai farmaki ga wanda take tsammanin zai zame mata barazana, tun bai motsa ba. Da ta ga ba za ta sami amincewar Kwamitin Sulhu ba, saboda Faransa da Rasha sun ja daga, sai ta shiga Iraƙi a ranar 20 ga Maris 2003 ba tare da izininsa ba. A 2004 babban magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, ya ce yaƙin ya saɓa wa dokar Majalisar.

Cikin dalilan da aka kafa har da sunan Nijar. An yi zargin cewa Iraƙi ta ƙulla yarjejeniyar sayen ton 500 na garin uraniyom daga Nijar don haɗa makamin ƙare-dangi. A watan Fabrairu na 2002 hukumar leƙen asirin Amurka ta aiko tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai. Ya gana da tsofaffin manyan jami'ai, ya koma ya ba da rahoton cewa da wuya a ce an yi irin wannan ciniki. Duk wanda ya san yadda ake aiki a Arlit ya san dalili: abin da ake haƙowa a lokacin bai wuce kusan ton 3,000 a shekara ba, kamfanonin biyu, Somaïr da Cominak, suna ƙarƙashin idon abokan hulɗa na waje da Faransa ke jagoranta, kuma ba yadda za a yi kashi ɗaya cikin shida na kayan shekara ya bi hanyar Kwatano ba wanda ya gani. Duk da haka, a ranar 28 ga Janairu 2003 shugaba Bush ya faɗa wa majalisa cewa gwamnatin Ingila ta gano Saddam ya nemi uraniyom mai yawa daga Afirka. Takardun cinikin, waɗanda suka ɓullo a birnin Rum, da suka isa hannun hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ba su daɗe ba asirinsu ya tonu. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan Oktoba na 2000, tana ɗauke da sunan wani ministan harkokin wajen Nijar wanda ya bar kujerar tun 1989. A ranar 7 ga Maris 2003 shugaban hukumar, Muhammad Albaradai, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Bayan kwana 13 aka fara ruwan wuta a kan Bagadaza. Binciken da Amurka ta yi da kanta ya kammala a 2004 cewa ba a sami rumbun makaman da aka ce akwai ba.

Abin da ya sami wanda ya tona maganar yana nuna kama da bambanci a wuri guda. A watan Yuli na 2003 Wilson ya rubuta a jaridar New York Times abin da ya gani a Yamai da abin da bai gani ba. Fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa bai kamata jimlar ta shiga jawabin ba, amma bayan kwana takwas da rubutun sai aka fallasa cewa matar Wilson ma'aikaciyar leƙen asiri ce, aikinta ya lalace. A Italiya, ɗan majalisa Giacomo Matteotti ya tashi a zauren majalisa a watan Mayu na 1924 ya tona maguɗin zaɓen ƴan fasist. A watan Yuni aka sace shi aka kashe, kuma a watan Janairu na 1925 Musolini ya ɗauki alhakin siyasa na abin da ya faru a gaban majalisa, ya ƙara ɗaure ƙasar. A Amurka kuwa kotu ce ta zauna, kuma a 2007 ta sami Lewis Libby, shugaban ma'aikatan mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, da laifin yi wa masu bincike ƙarya. Shugaba Bush ya ɗauke masa zaman kurkuku.

Ko a fagen yaƙin ma manufa ba ɗaya ba ce. Musolini ya haɗiye Habasha, ya naɗa sarkin Italiya sarkin sarakunanta, yana shirin zaunar da manoman ƙasarsa a can kamar yadda ya yi a Libiya, inda aka rataye Umar Mukhtar a 1931. Amurka ba ta haɗe Iraƙi da ƙasarta ba. Ta shirya zaɓe a watan Janairu na 2005, ta kwashe sojojinta a ƙarshen 2011. Sababbin ƴan mazan jiya sun yi imani da gaske cewa za a iya dasa dimokuraɗiyya da bakin bindiga ta yaɗu a Gabas ta Tsakiya, ko da yake wa'azin bai daɗe a bakinsu ba: a 1979 Jeane Kirkpatrick, wadda Reagan ya naɗa jakadiya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta rubuta cewa gara Amurka ta riƙe masu kama-karya abokanta da ta bari ƴan kwaminis su gaje su. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta rage nauyin bam ga wanda ya faɗo wa. An rusa rundunar sojan Iraƙi a watan Mayu na 2003, aka sallami dubban ɗaruruwan mutane masu sanin makami ba albashi. Fararen hula fiye da 100,000 suka mutu a rikicin da ya biyo baya, sojojin Amurka kusan 4,500, kuma a watan Yuni na 2014 ƙungiyar Da'ish ta kama birnin Mosul.

Cibiyar Kristol da Kagan ta rufe a 2006, shekarar da Francis Fukuyama, ɗaya daga cikin masu sa hannu a takardar 1998, ya raba gari da tafiyar a fili. Da Donald Trump ya fito takara a 2016 yana kiran yaƙin Iraƙi babban kuskure, Kristol da Kagan na cikin waɗanda suka fi tsananta adawa da shi, har Kagan ya rubuta a jaridar Washington Post cewa ta irin wannan hanya ce fasisanci zai shigo Amurka. A watan Afrilu na 2018 shi wannan Trump ɗin ya ɗauki John Bolton mashawarcinsa kan tsaron ƙasa, kuma a cikin watan ya yi wa Lewis Libby afuwa baki ɗaya.