Injin Danna Ƙirji Bai Fi Tafin Hannu Ba

Idan zuciyar mutum ta tsaya cik, jini yakan daina isa ƙwaƙwalwa, kuma cikin minti 4 zuwa 6 ƙwayoyinta sukan soma mutuwa. A shekarar 1960 ne wasu masana uku na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka nuna cewa danna ƙirji da tafin hannu yana iya ci gaba da tura jinin kafin likita ya iso. Ƙa'idar ita ce a danna sau 100 zuwa 120 a minti guda, kowace dannawa ta nutsa santimita 5 zuwa 6. Aiki ne mai cin ƙarfi, shi ya sa ake son masu yin sa su riƙa karɓar juna duk bayan minti 2.

Wannan gajiya ce ta sa aka ƙera injin. LUCAS, wanda ya fito daga birnin Lund na Suwidin, yana da sanda mai sauka da hawa a kan ƙashin ƙirji; AutoPulse kuwa ɗamara ce mai matse ƙirjin baki ɗaya. Ba sa haki, ba sa kuskuren lissafi, don haka aka ɗauka za su fi mutum ceton rai.

Gwaji bai gaskata wannan zato ba. A wani babban bincike da aka yi a Birtaniya kan mutum 4,471, aka buga a 2015, waɗanda suka kai kwana 30 da rai kashi 6 ne cikin 100 a rukunin inji, kashi 7 a rukunin hannu. Ɗaura injin kansa yana tilasta a dakata da dannawa, alhali kuwa dakatawar ita ce ake gudu.

Ba a ce ba shi da rana ba. A cikin motar asibiti mai gudu, inda ma'aikaci ba ya iya tsayawa daram, inji ya fi dacewa. Amma zuciya ba ta jiran mota; a gida take tsayawa, ko a kasuwa, inda ba kowa sai 'yan uwa da masu wucewa. Ƙasar Denmark ta wajabta koyar da dannawar a makarantu a 2005, kuma tsakanin 2001 da 2010 waɗanda jama'a suka soma yi wa taimakon kafin zuwan ma'aikata sun ƙaru daga kashi 21 zuwa 45. Kuɗin inji guda, dubban daloli, sun isa a saya wa makarantu da dama mutum-mutumin roba da ɗalibai za su koyi aikin a kansa.