Taron matasan 'yan kasuwa a Zamfara: a fara gayyato mai saye

Duk wanda ya saba da tarukan da ake shirya wa matasa masu sabbin kamfanoni ya san yadda yinin ke tafiya. A kira taro ƙarfe tara, babban baƙo ya iso gab da azahar, a ƙare sa'a guda wajen gaishe-gaishe, sannan wani masani daga Abuja ya haska hotuna a bango yana zuba Turanci. Da la'asar a raba takardar shaida da kuɗin mota, a yi hoto, kowa ya kama gabansa. Matashiyar da ke matse man gyaɗa a Bungudu ta koma gida da takarda mai kyau, amma babu ko mutum ɗaya da ya ce zai riƙa ɗaukar jarka goma duk mako. A ganina ma'aunin irin wannan taro shi ne cinikin da aka ƙulla a cikinsa, don haka sunan mai saye ya kamata a fara rubutawa a takardar gayyata.

Tarihin Gusau ma shaida ne. Garin ya bunƙasa bayan layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa shi a wajajen 1929, kamfanoni suka kafa rumfunan awon gyaɗa da auduga, daga baya aka samu masaƙa da injinan gurzar auduga. Manomin Tsafe na wancan zamani ya faɗaɗa gonarsa ne saboda ya san inda zai kai buhunsa da kuɗin da za a ƙirga masa. Har gobe abin da mai sabuwar sana'a ya fi rasa ke nan. Taron da zai zaunar da shi da dillalan hatsi na kasuwar Tudun Wada, da manyan 'yan kasuwar Dawanau ta Kano, da masu motocin dakon kaya, kowa da teburinsa, ya fi jawabi goma amfani.

Sai maganar takardu, wadda masu jawabi ke tsallakewa da sauri. Dokar sabbin kamfanonin fasaha da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Oktoban 2022 ta tanadi sassaucin haraji da hanyar samun jari, amma sai kamfanin ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma bai wuce shekara goma ba. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba waɗanda ta zaɓa jarin dala 5,000, ta intanet ake neman tallafinta, da rubutaccen tsarin kasuwanci. Matashin da ke sana'ar POS a Tsafe, yana tunanin manhajar da za ta haɗa manoma da masu sayen waken soya, a nan yake tsayawa cak. Me zai hana a ajiye jami'in CAC da na hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN a bakin zaure da kwamfuta, a yi wa mutane rajista nan take, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau su taya su cike fom? A kuma kira bankin da ba ya mu'amala da ruwa, irin Jaiz, domin da yawa daga matasanmu tsoron riba ne ke hana su kusantar rance. Bayani kuwa a yi shi da Hausa.

Wani zai ce ana ta kai wa ke ta kaya, jihar da ke fama da 'yan bindiga ina ita ina taron kasuwanci. Maganar tana da nauyi. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe ba a binta da sakin jiki, kuma ba a manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar aka rufe kasuwannin mako-mako. Sai dai wannan hujja ce ta ƙaranta taro da kusanto da shi, mutum hamsin a Tsafe, hamsin a Bungudu, a fara da hantsi a tashi kafin la'asar yadda kowa zai isa gida da ido. Mai zuba jarin da ba zai iya zuwa daga Legas ba a haɗa shi ta bidiyo.

Akwai kuma masu cewa wannan ai baje koli ne irin na Kaduna, alhali kamfanin fasaha manhaja yake sayarwa. To, kamfanin fasaha na Paystack, wanda kamfanin Stripe ya saya a 2020 kan sama da dala miliyan 200, ya yi daraja ne saboda dubban 'yan kasuwa na karɓar kuɗi ta hanyarsa. Mai rubuta manhaja a Gusau shi ma ciniki yake nema, kuma masu sayensa su ne waɗancan dillalai. Bayan wata shida, masu shirya taron su fito su faɗa wa jama'a kamfani nawa aka yi wa rajista, jarka nawa kuma aka ɗauka daga Bungudu.