Idan mai tikitin kasuwa ya ci kuɗi, wace kotu ce ke da hurumi?

Duk mai kasa kaya a kasuwar Gambaga, ko Salaga, ko Yendi, ko Bawku ya san mai tikiti, domin kafin ka yi cinikin fari ya iso da littafin rasit a hannu. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu sani ba shi ne, kafin majalisar gunduma ta damƙa wa mutum wannan littafi, ya kamata ya sa hannu a takardar lamuni tare da waɗanda za su tsaya masa. Wato idan kuɗin hukuma suka salwanta a hannunsa, da shi da masu tsaya masa za su biya. Kuma wa ake zuwa nema ya tsaya? 'Yan kasuwarmu ne, saboda su ake gani da abin hannu. Ɗan ƙanenka ya samu aiki, ya zo da takarda, kai kuma ka dangwala yatsa saboda zumunci, ba tare da an karanta maka ba.

To, ranar da aka nemi kuɗi aka rasa, ina shari'ar za ta dosa?

Da farko mu gane cewa alkawari ne aka yi wa majalisa, saboda haka ita ce ke da ikon kai ƙara a kansa. Kotun da za ta saurara kuwa, yawan kuɗin ne ke nuna ta. A shekarar 2020 an ɗaga hurumin Kotun Gunduma daga sidi 20,000 zuwa sidi 500,000, na Kotun Sakit kuma daga sidi 50,000 zuwa sidi miliyan 2. Abin da ya haura haka sai Babbar Kotu, irin ta Tamale ko Bolgatanga. Wannan canji ya shafe mu kai tsaye, domin kuɗin da ke ɓacewa a hannun mai tikiti da wuya su kai rabin miliyan. Ke nan majalisa ba ta buƙatar doguwar tafiya kafin ta gurfanar da kai, kai ma ba ka da hujjar ƙin halarta. Wanda ya yi biris da sammaci, ana iya yanke hukunci a bayansa, har a taɓa dukiyarsa.

Shari'ar sata kuma daban take. Wannan ta gwamnati ce da wanda ya ci kuɗin, a ƙarƙashin dokar laifuffuka ta 1960. Ɗaure shi ba ya sauke bashin da ke wuyan mai tsaya masa. Mun san al'adarmu ta garzayawa wurin Sarkin Zango ko liman a yi sulhu, kuma sulhu alheri ne, to amma fada ba ta da ikon soke tuhumar cin kuɗin hukuma.

Akwai hanya ta uku, wadda ta fi shafar manyan ma'aikata. Sashe na 187 na tsarin mulkin 1992 ya ba Odita-Janar ikon ɗora wa jami'i biyan duk abin da ya salwanta saboda sakacinsa ko rashin gaskiyarsa, wanda bai yarda ba kuma ya ɗaukaka ƙara a Babbar Kotu. Shekara da shekaru wannan iko yana kwance, sai da ƙungiyar OccupyGhana ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba da umarni a watan Yunin 2017 cewa dole a yi aiki da shi. Daniel Domelevo ya fara aiki da shi gadan-gadan, har ya taɓa babban minista Yaw Osafo-Maafo. Idan mai karatu bai manta ba, a 2020 aka tura shi hutun dole, matakin da Kotun Ƙoli ta ce ya saɓa wa tsarin mulki a 2023, bayan ya riga ya bar kujerar.

A nan ne abin ke ba mu takaici. Babba yana da lauyoyin da za su ja shari'a shekaru, shi kuwa ƙaramin mai tikiti da kawunsa mai sayar da goro, cikin ɗan lokaci an gama da su. Ba muna cewa a ƙyale ƙanana ba ne, ai kuɗinmu suke ci, kuma shi ya sa rumfuna ke yoyo, magudanan kasuwa ke toshewa. Muna cewa ne ma'aunin ya zama ɗaya.

Shi kuwa ɗan kasuwar da aka karɓi kuɗinsa ba rasit, takardar lamunin ba za ta amfane shi ba, tunda ba da sunansa aka rubuta ta ba. Yana iya kai kuka ofishin hukumar kare haƙƙin jama'a ta CHRAJ, inda ba a biyan ko kwabo. Idan kuma majalisar zai maka a kotu, dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ce sai ya ba ta sanarwa a rubuce wata guda kafin ya shigar da ƙara.

Saboda haka kafin ɗayanmu ya tsaya wa wani, ya sa a karanta masa takardar da harshen da yake ji. Ya tambayi iyakar kuɗin da ya ɗauka, da tsawon lokacin da lamunin zai yi, da yadda zai janye idan ya ga take-taken yaron sun canza. Sannan ya karɓi kwafi ya ajiye a gida.