Ƙofar da Makaho Ke Buɗewa da Hannunsa

A ɗauki kwamfuta sabuwa fil, wadda ba a zuba mata komai ba, a miƙa wa makaho. Ko da ya fi kowa a unguwarsu sanin na'ura, nan zai tsaya cak. Manhajar da za ta karanta masa abin da ke kan allo ba ta shiga ba tukuna, kuma ba za ta shiga ba sai an amsa tambayoyin da ke fitowa a kan allon da ba ya gani: wane harshe, wace ƙasa, a goge faifan ko a bar shi, mece ce kalmar sirri. Tilas ya nemi ɗan jagora. Shi kuwa ɗan jagoran kwamfuta ya fi na hanya shiga cikin rayuwar mutum, domin a gaban idonsa za a zaɓi kalmar sirrin.

Wannan ƙullin ne wasu bayin Allah suka zauna suka kwance, suka kuma bar aikin a buɗe kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Su nake so in jinjina wa.

Duk wanda ya kunna manhajar girka Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren Linux, zai ji wata 'yar ƙara da zarar shafin farko ya buɗe. Mai ido ba zai ma lura ba. Ga makaho kuwa sallama ce, ana shaida masa cewa an iso, shi ake jira. Ya danna harafin s, ya danna Enter, sai murya ta fara karanto masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. In yana da allon Braille, wato na'urar nan mai ƙananan ƙusoshi da ke tasowa suna komawa a ƙarƙashin yatsa, da ya jona ta a kafar USB za a gane ta, rubutu ya fara tsirowa. Abin da ke yin wannan aiki na Braille shi ne BRLTTY, wadda Nikhil Nair da abokan aikinsa suka fara a 1995, Dave Mielke, makaho ɗan Kanada, ya riƙe ta shekara da shekaru. A ɓangaren Windows ma haka: a 2006 Michael Curran, makaho ɗan Ostireliya, ya fara rubuta NVDA, manhajar karanta allo ta kyauta, abokinsa James Teh ya kama masa, a lokacin da manhajar karanta allo ta kasuwa ke kaiwa dala 1,000. Manhajar girka NVDA ita ma magana take yi tun daga buɗewa, kuma ana iya ɗaukar kwafinta a filashi a jona a kowace kwamfuta mai Windows. Makaho ya shiga shagon intanet da muryarsa a aljihu.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne John Boyer, mutumin Amurka. An haife shi makaho, kunnensa ya toshe tun yana yaro. Murya ba ta da amfani a gare shi, duniya gaba ɗaya ta yatsa take shigo masa. A 2002 ya fara liblouis, ya raɗa mata sunan Louis Braille, yaron Faransa da ya tsara rubutun ɗigo shida a 1824 yana ɗan shekara 15. Aikin liblouis shi ne mayar da rubutun masu ido zuwa ɗige-ɗige, da kuma dawo da shi. Ba ƙaramin aiki ba ne, domin ɗigo shida siffa 63 kacal suke bayarwa, don haka siffa guda tana iya zama harafi a nan, lamba a can, guntuwar kalma a gaba, kuma kowane harshe da nasa ƙa'idojin. Hikimar liblouis ita ce ba a dunƙule ƙa'idojin a cikin manhajar ba. Kowane harshe yana da jadawalinsa daban, rubutu ne kawai layi-layi: ga harafi, ga ɗigonsa. Yau NVDA da takwararta Orca ta Linux duk daga wannan rijiya suke ɗiban ruwa. Boyer ya rasu a 2023, rijiyar kuwa ba ta ƙafe ba, saboda bai sa mata murfi ba.

Sai masu zana zubin haruffa, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba. Wani zai ce, me makaho zai yi da hoton ɗigo a kan gilashi mai santsi? Ba dominsa kai tsaye aka yi ba, domin mutanen da ke kewaye da shi ne. Malamar da ke shirya jarrabawa tana so ta duba shafi kafin ta tura wa injin huda takarda, uwa kuma tana so ta koyi abin da ɗanta ke karantawa don ta taya shi aikin gida. Tun 1999 tsarin Unicode ya ware gurbi 256 ga siffofin Braille masu ɗigo takwas, zubi na kyauta irin su DejaVu suka zana su, shi ya sa yau ana iya tura Braille a saƙo ta isa yadda aka rubuta ta. Akwai ma takarda ta musamman wadda in an buga baƙin tawada a kanta aka bi da ita ta injin zafi, wurin baƙin yake kumburowa. A nan hoton ɗigo ya zama ɗigo na gaske.

Yabon gwani ya zama dole, amma da sauran rina a kaba, kuma daga masu zubin haruffan take farawa. Harafin masu ido ana ƙara masa girma ana rage shi yadda aka ga dama. Braille ba ta yarda da haka ba, domin kan yatsa girmansa ɗaya ne. Tsakanin ɗigo da ɗigo kimanin milimita biyu da rabi ne, tsakanin gida da gida, wato rukunin ɗigon harafi ɗaya da na kusa da shi, kimanin shida. In mai tsara allon ƙofa ya ja zubin ya buɗa shi don ya cika fili, ya yi kyau a ido, yatsa kuwa sai ta riƙa lalube ba ta haɗa harafi. Bai isa a zana zubi a saki ba. Ya kamata kowane zubi ya fito da bayani ƙarara na girman da za a buga shi, kuma kada a kira shi gamamme sai makafi sun shafa sun ce ya karantu.

Masu manhajar girkawa ma ƙofar ɗaki suka buɗe, ta zaure tana nan a rufe. Kafin a kai ga waccan 'yar ƙara ta Debian, sau da yawa sai an shiga saitin farko na na'urar an gaya mata ta tashi daga filashi, kuma wannan shafin bebe ne. Laifin ba nasu ba ne, na masu ƙera kwamfuta ne, amma su ne ke da bakin da za a saurara, kada su gaji da bugun wannan ƙofa. Haka kuma duk ranar da za a sabunta fuskar manhajar girkawa, a gwada ta da allo a kashe kafin a sake ta. Ga kuma tsadar allon Braille: mai gida 40 yana cin dubban daloli, Orbit Reader 20 da ta fito a ƙasa da dala 500 ma ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu.

Ragowar aikin namu ne, mu Hausawa, kuma ba na jin akwai wanda zai yi mana shi. In jadawalin da liblouis ke aiki da shi bai san harafi ba, lambarsa ta kwamfuta yake zubowa a madadinsa, sai yatsa ta ci karo da tarkace a tsakiyar kalma. In kuma mai rubutu ya yar da lanƙwasa don gudun haka, bari da ɓari sun zama abu guda, ƙafa da kafa ma haka. Swahili da Zulu da Kinyarwanda suna da jadawalinsu cikin liblouis. Mu ma muna da Braille ta Hausa, ana koyar da makafi a Gindiri tun 1953, akwai sassan ilimi na musamman a jami'o'in Bayero da Jos, ga matasa masu rubuta manhaja a Kano da Kaduna da Yamai. Abin da ake bukata shi ne malamin Braille da mai manhaja su zauna a tabarma ɗaya, su bi ɓ da ɗ da ƙ da ts ɗaya bayan ɗaya, su tabbatar 'y ta Najeriya da ƴ ta Nijar ɗigo iri ɗaya suke fitarwa, makaho na gefe yana shafawa yana gyara musu. Duk wata uku liblouis ke fitar da sabon zubi, kuma ana karɓar gyara daga duk wanda ya aiko.