Haihuwa Ba Laifi Ba Ce

Jama'a, akwai wani zalunci da ake yi a ɓoye a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, yau za mu tona shi. Mace ta yi shekaru tana aiki a asibiti ko makarantar kuɗi, ta tafi jego, kafin ta gama wankan arba'in hankalinta ya rabu biyu, don ba ta san ko za ta tarar da gurbinta ba.

Ga yadda dabarar take. An ɗauke ta da takardar mai shara ko mai ba da kati. Da ma'aikata suka yi ƙaranci, musamman tun da 'yan bindiga suka kori da yawa daga ƙauyuka, sai ta zama ita ce mai rubuta rajista, mai awon ciki, wani lokaci har ungozoma. Ba a taɓa sake takardar ba, ba a ƙara mata ko sisi ba. Ran da ta komo da goyo sai a zaro tsohuwar takardar a ce aikin da ke rubuce ciki ba a bukatarsa. To, wanda ta yi shekaru tana yi fa, aljanu ne suka yi?

Doka ba ta yarda da wannan ba. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata 6 a aiki, ya kuma hana a ba ta takardar sallama tana cikin hutun. Ma'aikatan tarayya mako 16 suke samu. Kaduna, da ke iyaka da Sabuwa, ta mai da na ma'aikatanta wata 6 a 2019. Ashe abin ba gagara ya yi ba.

Ku ma 'yan kasuwa da ke da masu jiran shago, ba mu ware ku ba.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, da ɗan majalisar tarayya da ke wakiltarsu, su sa a sake rubuta takardar kowace ma'aikaciya bisa aikin da hannunta ke yi yau. Ke kuma 'yar'uwa, kafin ki tafi hutu ki nemi a rubuta miki aikinki da ranar komowarki, shugaba ya sa hannu, ki adana kwafi a gida.